Mai Allurar Insulin A Gida, Ina Kake Ajiye Ta?



Wata bazara wani bawan Allah ya same ni ya ce, "Malam, Hajiyarmu kullum tana allura amma sugan ya ƙi sauka, a taimaka mana da shuwaka." Na ce ina kuke ajiye maganin? Ya ce a kan taga. Na ce to, ba shuwaka za ku nema ba, ku koma wajen likita a ba ku sabuwar kwalba.

Ɗan uwa, zafi yana kashe ƙarfin insulin, ƙanƙara ma haka, kuma sau da yawa ido ba ya ganewa. Sai a yi ta allura, ciwo yana ci.

Wadda ba a buɗe ba, a sa ta a firji, sanyin digiri 2 zuwa 8. Kada ta shiga firiza. In ta taɓa daskarewa, ko ta narke, a zubar.

Wadda aka fara amfani da ita tana zama a ɗaki mai inuwa, ƙasa da digiri 30, galibi kwana 28. Wasu nau'ukan sun fi haka, duba takardar cikin kwalin. Ranar da ka buɗe, rubuta kwanan wata a jiki.

Ba firji, ko an ɗauke wuta? Sami tukunyar ƙasa babba da ƙarama, sa ƙaramar cikin babbar, cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Ƙulle maganin a leda kada ruwa ya taɓa shi, ka rufe da ɗanyen tsumma, ka ajiye inda iska ke kaɗawa. Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ne ya yaɗa wannan dabara don adana kayan miya.

Kada a bar ta cikin mota ko kusa da murhu. Mai fari kamar madara, a murza ta a tafin hannu a hankali, ban da girgiza. Mai kama da ruwa kuwa, in ta yi gurɓi ko gudaji, ta lalace. Alhazai, a jakar hannu ake riƙe ta, don a ɗakin kayan jirgi tana iya daskarewa.

Ni mai maganin gargajiya ne, amma ku ji gaskiya: babu ganyen da ke maye gurbin insulin. Lafiyar iyalinka amana ce, za a tambaye ka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. A tura wa 'yan uwa.