Tsarin Fayiloli da Jakunkuna a Aikin Django: Misali daga Rano da Kibiya

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bayyana yadda ake jera fayiloli cikin jakunkuna idan ana gina shafin intanet bisa ginshiƙi, watau shiryayyen tsarin da magina suke ɗora nasu aikin a kai. Mun zaɓi Django, wanda aka rubuta da harshen Python, aka fitar da shi a 2005 daga ofishin wata jarida a garin Lawrence na jihar Kansas a Amurka.

Alal misali, a ɗauka za a yi rajistar manoma a ƙananan hukumomin Rano da Kibiya. Da fara aikin, Django zai samar da fayil mai suna manage.py, wanda da shi ake ba da umurni, da kuma wata jaka mai ɗauke da settings.py da urls.py. Na farkon shi ne turakar aikin, domin a nan ake bayyana rumbun bayanai da harshe da mabuɗin sirri, don haka bai kamata kowa ya leƙa shi ba. Na biyun kuwa zaure ne. Duk buƙatar da ta shigo a nan ake nuna mata inda za ta nufa.

Sa'an nan a buɗe wa kowane sashe jakarsa, ta manoma daban, ta rabon taki daban. A cikin kowace akwai models.py, inda ake fayyace siffar bayanai kamar suna da gunduma da girman gona, akwai views.py mai shirya amsa, da jakar migrations mai adana duk canjin da aka yi wa rumbun, da lamba bi da bi tun daga 0001. Mu lura ba a raba jakunkunan bisa gari. Wanda ya buɗe jakar Rano da jakar Kibiya ya maimaita aiki sau biyu, kuma ranar da aka ce a shigar da Bunkure, wadda dokar 2024 ta haɗa da su a masarautar Rano, sai ya maimaita na uku. Sunan gari bayani ne, wurinsa rumbu.

Abin da ya fi shafar mu masu nazarin harshe shi ne jakar locale. A can ake ajiye fassara, ta Hausa a ƙarƙashin jaka mai suna ha, cikin fayil django.po. Saboda haka malamin Hausa zai iya gyara kalma ba tare da ya taɓa sauran aikin ba. Python yana karɓar ɓ da ɗ da ƙ, amma a ganinmu gara a rubuta sunayen jakunkuna ba lanƙwasa, kauye maimakon ƙauye, tun da ba kowane magini ne yake da waɗannan haruffa a allon bugunsa ba. A cikin django.po kuwa wajibi ne a rubuta su daidai, domin abin da manomi zai karanta ke nan.