Maki 50 a rabin kaka: Ɗan Arsenal, yi murnarka, amma kada ka ɗinka anko tukuna

Idan kai ɗan Arsenal ne, na san wayarka ba ta huta ba tun daren Lahadi 22 ga Janairun 2023, lokacin da Eddie Nketiah ya tura ƙwallo ta uku a ragar Manchester United ana minti na 90. Ka canza hoton WhatsApp, ka kira 'yan United ɗaya bayan ɗaya a Facebook, a majalisa kuma ka hana kowa shan shayi cikin kwanciyar hankali. Babu mai ganin laifinka. Wanda aka kwashe shekara 19 ana yi wa dariya, ranar da bakinsa ya buɗe dole a ji shi. Amma tunda ni ma gidanmu ɗaya da kai, zo mu koma gefe mu yi lissafin da ba ma yi a gaban 'yan adawa.

Mu fara da abin da ke hannu a Janairun 2023. Wasa 19 cif, rabin gasar Firimiya ke nan: nasara 16, canjaras 2 da Southampton da Newcastle, rashin nasara ɗaya tak a Old Trafford cikin Satumba. Maki 50, an zura ƙwallo 45, an zura mana 16. Tawagar Thierry Henry da Nwankwo Kanu ta 2003/04, wadda ta gama kaka ba a doke ta ba, maki 45 take da shi a daidai wannan mataki. Manchester City na biye da maki 45 a wasa 20, wato tazarar maki 5, ga kuma kwantan wasa a hannunmu.

Kuma ba sa'a ba ce. Duk wanda ya zauna a gidan kallo ya ga yadda aka je gidan Tottenham ranar 15 ga Janairu aka ci 2-0, karon farko a lig tun 2014, ya san wannan ƙungiya ta san abin da take yi. Oleksandr Zinchenko na barin gefen hagu ya shigo tsakiya kusa da Thomas Partey, abin da ya ba Granit Xhaka damar hawa gaba. Martin Odegaard na raba ƙwallo, Bukayo Saka da Gabriel Martinelli na buɗe fili ta gefe. Cin ƙwallo bai rataya a wuyan mutum ɗaya ba. Da Gabriel Jesus ya ji rauni a gwiwa a wasan Brazil da Kamaru a Katar, 'yan adawa sun ce shi ke nan, an gama. Sai ga Nketiah ya ci ƙwallo 4 a wasannin lig 5.

Ka tuna daga inda aka taso. Mikel Arteta ya karɓi ƙungiyar a Disamban 2019, ya ƙare na takwas sau biyu a jere. Kakar 2021/22 ta fara da shan kashi uku, har da 5-0 a hannun City, Arsenal na can ƙasan teburi. Mu da kanmu muka cika intanet da kiran a kore shi. To yau ga inda haƙuri ya kawo mu.

Sai dai fa ba a ba da kofi a watan Janairu, kuma babu wanda ya fi ɗan Arsenal sanin haka. Idan kai ɗan 2004 ne ko bayanta, tambayi yayanka labarin Fabrairun 2008. Arsenal na saman teburi da tazarar maki 5, aka je Birmingham, aka karya ƙafar Eduardo, aka ba da fenareti a ƙarshen wasa aka tashi 2-2, kyaftin William Gallas ya zauna a fili ya ƙi tashi. Ƙarshenta na uku aka ƙare. A 2013/14 an shafe watanni a sama, aka gama na huɗu. A Janairun 2016 ma muna sama, Leicester ta ɗauki kofin. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma dole ya ja da baya.

Za ka ce ai waɗancan wasu 'yan wasa ne daban. Gaskiya ne. To dubi kakar 2021/22, da yawancin waɗannan yaran. A farkon Afrilun 2022 gurbin Gasar Zakarun Turai na hannunmu. Kieran Tierney ya ji rauni, Partey ya fita da ciwon cinya a wasan Crystal Palace, aka sha kashi uku a jere. A Mayu Tottenham ta ci mu 3-0, Newcastle ta ƙara 2-0, muka ƙare na biyar da maki 69, Tottenham na da 71. Mutum biyu kacal suka kwanta, gini ya rufta.

Nan ne damuwata take, kuma nan nake so ka sa ido maimakon teburi. 'Yan wasa 11 na farko na Arsenal za su iya karawa da kowa a Ingila. Tambayar ita ce wa ke zaune a benci. In Partey ya kwanta wata guda, wa zai riƙe tsakiya shi kaɗai yadda yake yi? William Saliba da Gabriel ne suka fara kowane wasan lig a baya. In ɗayansu ya samu matsala, musamman Saliba da gudunsa ke ba ƙungiyar damar matsowa har tsakiyar fili, salon wasan gaba ɗaya sai ya canza. Saka, ɗan shekara 21 a Janairun 2023, kusan kowane mako sai an tattaka shi, kuma ba shi da mai canjinsa na haƙiƙa. Chelsea ta yi wuf da Mykhailo Mudryk, aka ɗauko Leandro Trossard daga Brighton da Jakub Kiwior daga Spezia. Sun rage zafi, amma tsakiya na nan a buɗe, kuma kasuwa za ta rufe ranar 31 ga Janairu. A watan Maris za a dawo gasar Europa, wasa Alhamis, wasa Lahadi. A lokacin ne za a san zurfin rijiyar.

Sannan dubi wanda ke bin mu. Ba Leicester ba ce. City ce ta Pep Guardiola, wadda ta ɗauki kofi 4 cikin kaka 5 da suka gabaci ta 2022/23 da maki 100, 98, 86 da 93. A Janairun 2019 Liverpool ta ba ta tazarar maki 7. City ta ci wasanninta 14 na ƙarshe a jere, ta gama da 98, Liverpool ta rasa kofin lig da maki 97. Zuwa Janairun 2023, Erling Haaland ya riga ya ci ƙwallo 25 a lig, alhali 23 Mohamed Salah da Son Heung-min suka ci a kakar 2021/22 suka raba takalmin zinare. Ga City kuma da 'yan wasan da in sun zauna a benci, a wata ƙungiyar su ne taurari.

Abin da ya fi komai nauyi shi ne zuwa Janairun 2023 ba mu haɗu da su a lig ba a kakar, ko sau ɗaya. Za su zo Emirates ranar 15 ga Fabrairu, mu je Etihad a ƙarshen Afrilu. Zuwa Janairun 2023, rabon da Arsenal ta doke City a Firimiya tun Disamban 2015. Yi lissafin da kanka: in mun ci kwantan wasanmu tazara ta zama 8, in City ta ci mu gida da waje ta koma 2. Canjaras ɗaya a gidan wata ƙungiya mai gudun faɗuwa, shi ke nan an kamo mu. In kuwa muka hana su nasara a wasannin biyu, to su ne za su shiga neman taimakon wasu.

Nawa ake buƙata? In ka ɗauki maki 90 a matsayin ma'auni, saura 40 a wasa 19: nasara 12 da canjaras 4 sun isa, har da sararin faɗuwa sau uku. Ba abin da ya fi ƙarfin wannan ƙungiya ba ne, domin bai kai abin da ta yi a zagayen farko ba. Amma zagaye na biyu da Anfield a ciki, da St James' Park, da Etihad, duk a waje, duk kuma a lokacin da ƙafafu suka gaji.

Ra'ayina ke nan: Arsenal na da damar da ba ta samu irinta ba tun 2004, kuma komawa Gasar Zakarun Turai, wadda zuwa Janairun 2023 rabonmu da ita tun kakar 2016/17, ta kusa zama tabbas. Kofin kuwa yana rataye da lafiyar mutum uku ko huɗu da kuma minti 180 da City. Saboda haka yi musunka, ja 'yan United da Chelsea yadda ranka ke so, ai ramuwa ce. Amma kada ka rubuta "kofi ya zo gida", don akwai masu ɗaukar hoton rubutu su adana har Mayu. Kuma in an yi tuntuɓe a wasa ɗaya ko biyu, kada ka zama na farkon zagin yaran da suka dawo maka da bakin magana. Kafin ka duba teburi a kowane mako, fara duba sunayen da Arteta ya fitar. In ka ga Partey, Saliba da Saka a ciki, biya kuɗin kallonka ka nemi benci na gaba.