Fim ɗin Indiya da Yaran da Suka Tashi da Shi

Tun a shekarun 1960 sinimomin Kano suka riƙa haska finafinan Indiya, daga bisani kaset ɗin bidiyo ya kai su gidajen kallo a garuruwa irin su Gumel da Maigatari. Yaro bai jin yaren, amma ya gane auren dole, biyayya ga iyaye da rikicin kishi, domin duk akwai su a unguwarsu. Abin da ya kalla yana ƙarami kan zame masa ma'aunin labari mai daɗi.

Waɗannan yaran ne suka girma suka raya Kannywood bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990. Rawa da waƙar da malamai ke suka, daga finafinan Indiya aka ɗebo su. Yaran Gagarawa da Sule Tankarkar na yau kuwa, finafinan Indiya da kamfanin Algaita ke fassarawa zuwa Hausa suke kallo a waya.