Sadaki: Kalmar da Ke da 'Yar'uwa a Ƙasar Sifen

Duk wanda ya taɓa halartar ɗaurin aure a Tudun Wadar Zariya ya san ba a shafa fatiha sai an ambaci sadaki a gaban shaidu, an faɗi ko lakadan ne ko ajalan. To, ko mai karatu ya san wannan kalma tana da 'yar'uwa a Turai?

A ƙamusun cibiyar kula da harshen Sifaniyanci, wadda aka kafa a Madrid a 1713, akwai kalmar "acidaque", mai furuci kusan "asidake". Ma'anarta dukiyar da Musulmi ke bai wa matar da zai aura. Ita da sadaki uwarsu ɗaya, wato kalmar Larabci "sadaƙ" ko "sidaƙ", wadda saiwarta ke nufin gaskiya. Daga saiwar nan ne aka sami sadaka da Siddiƙu.

Yaya aka yi kalma ɗaya ta raba hanya? A shekarar 711 Ɗariƙu bin Ziyad ya ƙetara teku zuwa Andalus, kuma mulkin Musulmi bai ƙare a can ba sai da birnin Garnaɗa ya faɗi a 1492. A nan ƙasar Hausa kuwa, Tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun kawo Musulunci zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14. Ƙasashen biyu sun bi mazhabar Malikiyya, wadda ta ce mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne. Inda hukunci ya je, kalmarsa kan bi shi.

Saura harafin "a" na farkon kalmar. Wannan ragowar "al" ce ta Larabci, wadda kan saje da haruffan shamsiyya, sai a ce "as-sidaƙ". Mutanen Sifen sun ari kalmar da hularta, Hausawa suka tuɓe mata ita. Amma mu ma mun bar hular a asuba da Asabar. A kalmar "al-ƙadi" kuwa mun yi tarayya: mu ce alƙali, su ce "alcalde", ko da yake a wurinsu shugaban gari take nufi yanzu.

Sai dai a yi hattara, kama da wane ba ta wane. Masana kimiyyar harshe ba sa ɗaura wa kalmomi zumunta sai shaidu uku sun hallara: sauti, ma'ana da tarihi. Malamai za su iya sa ɗalibai su gwada wannan ma'auni a kan "sukari" da takwararta "azúcar".