Dogon Shokozoba Ba Ya Ƙara Wa Babur Ƙarfin Ɗaukar Kaya

Duk wanda ya tsaya a bakin kasuwar Makarfi ranar Laraba zai ga yadda babur ya gaji aikin jaki a yankinmu. Damin rake, kwandunan tumatir daga ƙauyukan Ikara da Hunkuyi, buhunan masara, ga fasinja a bisa kaya. Da bayan babur ya fara zama ƙasa, shawarar da aka fi ba mai shi ita ce ya sa shokozoba mai tsawo, ko a ɗaure sifirin har ƙarshe. Wannan dabara ɗaga bayan babur kawai take yi. Nauyin da ƙarfen jikinsa da taya da birki za su iya ɗauka yana nan yadda kamfani ya ƙera shi, ko Bajaj Boxer ne ko Jincheng.

Ana auna tsawon shokozoba daga tsakiyar ramin ƙusa na sama zuwa tsakiyar na ƙasa, kuma da wannan awo ya kamata a je shago, ko a riƙe tsohon a gwada. Idan sabon ya zarce, baya zai tashi, gaba ya duƙa, kan babur ya riƙa karkata da sauri fiye da yadda hannu ya saba, abin da ke kayar da mutum a yashi ko a kwana. Ɓarnar da ba a cika lura da ita ba tana wajen sarƙa. Babur na tsaye babu kowa a kai, sarƙar za ta yi sako-sako, bakanike ya ja ta ya ɗaure. Da an hau an ɗora kaya sai ta ɗame kamar tsirkiyar baka, ta cinye haƙoran da take bi, wata rana ta tsinke a tsakiyar hanya. Gajere kuma nasa aibin shi ne taya ta riƙa dukan madigadi a kowane rami.

Shi kuwa zoben nan mai matakala da ke gindin sifirin, wanda a babura da dama yake da mataki 5, aikinsa daidaita yadda babur ke zama idan an hau. Juya shi ba ya sauya taurin sifirin. Ƙa'idar da masu sana'ar suka saba bi ita ce, idan mahayi ya zauna da kayan da ya saba ɗauka, shokozoba ya nutse kusan kashi 1 cikin 3 na iyakar motsinsa, saura ya rage don shanye gargada. Mai goyo da kaya ya ƙara mataki, mai tafiya shi kaɗai ya sassauta, kuma dama da hagu su tsaya a mataki ɗaya. In aka ga mai yana tsatsafowa a jikin sandar shokozoba, ko aka danna baya ya yi ta lilo bai tsaya ba, shokozoban ya mutu; a canza duka biyun tare.

Wani zai ce hanyoyin gonakinmu ba irin waɗanda kamfani ya yi lissafi da su ba ne, kuma raba kaya sawu biyu asarar fetur ce. Gaskiya ne hanyoyin da damina ta zaizaye suna wahalar da babur, amma wannan hujja ce ta barin shokozoba ya yi motsi, domin wanda aka ɗaure tamau yana sa taya tsalle, tayar da ba ta taka ƙasa kuwa ba ta jin birki. Mai ɗaukar kaya kullum ya nemi shokozoba mai sifirin mai ƙarfi, amma tsawonsa daidai da na asali. Batun fetur kuma, a kwatanta kuɗin lita ɗaya da kuɗin sarƙa da taya da ɗorin karaya, ga tumatir da ya watse a titi. Garin neman gira ake rasa ido.

Don haka, ɗan'uwa mai babur, kafin ka biya kuɗin sabon shokozoba ka auna tsohon, ka hau a duba sarƙa kana zaune a kai, kayan da suka fi ƙarfin babur kuwa ka raba su sawu biyu.