Yadda Ƙaramar Maƙera A Birnin Bern Ta Haifar Da Kasuwar Gangar Ƙarfe Ta Handpan

A birnin Bern na ƙasar Suwizalan akwai wata ƙaramar maƙera mai suna PANArt, wadda mutum biyu, Felix Rohner da Sabina Schärer, suka yi suna a cikinta wajen ƙera kayan kiɗa da hannu. A wannan maƙera ce aka fito da wata gangar ƙarfe a shekarar 2000, aka sa mata suna Hang, kalmar da ke nufin hannu a Jamusancin mutanen Bern. Daga ita ne aka samu dukkan gangunan da ake kira handpan a yau, waɗanda ƙananan maƙeru ke ƙerawa a Turai da Amurka da Asiya, kuma ake sayar da kowace ɗaya mai inganci a kan dalar Amurka dubu ɗaya zuwa dubu uku, wani lokaci ma fiye da haka.

Siffar gangar ta yi kama da ƙwarya biyu da aka kife ɗaya a kan ɗaya aka manne bakinsu. Faɗinta kimanin santimita 52 ne, tsayinta kuwa santimita 24. A tsakiyar saman akwai wani ɗan tozo da ake kira Ding, wanda ke ba da amo mafi kauri, sa'an nan filayen amo bakwai ko takwas suna kewaye da shi. A ƙasa kuma akwai rami da ake kira Gu. Makaɗi yakan ɗora ta a kan cinya ya buga da yatsu da tafin hannu, ba a amfani da makaɗin itace. Idan aka bugi bakin ramin da tafi, iskar da ke ciki takan ba da wani amo mai zurfi irin na tulun udu na ƙasar Ibo.

Asalin sana'ar daga tsibirin Trinidad ne, inda a shekarun 1930 da 1940 matasa baƙar fata na unguwannin talakawa suka gano cewa idan aka dinga dukan gindin gwangwani ko durom ɗin mai, ana iya fitar da amo daban-daban daga wurare daban-daban na ƙarfen. Ellie Mannette na cikin waɗanda suka inganta wannan fasaha da durom mai cin galan 55. Kiɗan ya bazu har Suwizalan, inda aka kafa kamfanin PANArt a 1993 don ƙera irin waɗannan ganguna. A 1999 wani makaɗi mai suna Reto Weber ya je maƙerar da tulun yumɓu na kudancin Indiya da ake kira ghatam, ya nemi a yi masa wani abu makamancinsa na ƙarfe mai amo da yawa. Wannan buƙata ce ta sa maƙeran suka haɗa ƙoƙon ƙarfe biyu, kuma a 2001 suka baje sabuwar gangar a kasuwar baje kolin kayan kiɗa ta Frankfurt a Jamus.

Aikin ƙerawa yana farawa ne da farantin ƙarfe mai kaurin kimanin milimita ɗaya. Ana lotsa shi ya zama ƙoƙo, ko dai da injin matsa ƙarfe, ko da ƙarfin ruwa, ko kuma da guduma mai aiki da iska. Daga nan yawancin maƙera sukan kai ƙoƙon wata tanda ta musamman, inda ake gasa shi cikin iskar ammoniya a zafin da ya haura digiri 500, domin sinadarin nitrojin ya ratsa fatar ƙarfen. Hakan yana ƙara masa tauri da juriya ga tsatsa. Maƙeran PANArt sun daɗe suna bincike a kan wannan hanya, har suka sa wa ƙarfen nasu suna Pang. Wasu maƙeran kuma sun gwammace ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda amonsa ya fi daɗewa kafin ya ɗauke.

Babban aikin, wanda shi ne ke sa gangar tsada, shi ne saita amo. Kowane fili dole ne ya fitar da amo uku a lokaci guda: na tushe, da na biyu wanda girgizarsa ta ninka ta tushen sau biyu, da na uku wanda ta ninka sau uku. Maƙeri yakan bi filin da ƙananan gudumomi, yana dukan ciki da waje, yana saurare da kunne tare da duba na'urar auna amo. Wahalar ita ce dukan da ya gyara amo ɗaya yakan karkatar da ɗan'uwansa, ko ya taɓa filin da ke maƙwabtaka da shi. Saboda haka ana saitawa, a mayar da ƙoƙon tanda don ƙarfen ya saki, a sake saitawa, har sau da yawa. Bayan an manne ƙoƙon biyu da gam, sai a bar gangar ta huta kafin a yi mata saiti na ƙarshe. Koyon wannan yakan ɗauki shekaru, kuma almajiri yakan ɓata ƙoƙo masu yawa kafin ya fitar da wanda za a iya sayarwa.

Ta fuskar kasuwanci, abin da ya fi jan hankali shi ne yadda PANArt ta ƙi faɗaɗa aiki a lokacin da masu saye suka yi mata yawa. Hotunan bidiyon makaɗa a dandalin YouTube sun sa buƙata ta yi tashin gwauron zabi, amma maimakon ɗaukar ma'aikata, sai maƙeran biyu suka daina hulɗa da dillalai a tsakiyar shekarun 2000. Mai son ganga sai ya rubuta wasiƙa, idan an amsa masa ya je Bern da kansa ya zaɓa. Ƙarancin hajar ya sa waɗanda suka riga suka mallaka suna sayarwa a intanet a kan ninkin farashin da suka saya. Don daƙile wannan, kamfanin ya fito da yarjejeniyar da mai saye zai sa wa hannu cewa ba zai sayar da gangar fiye da kuɗin da ya biya ba. A ƙarshen 2013 kuma ya daina ƙera Hang, ya koma ga wasu kayan kiɗa kamar Gubal.

Wannan giɓi ne wasu maƙera suka cike. Da yake sunan Hang alamar kasuwanci ce ta PANArt mai rajista, kamfanin Pantheon Steel na jihar Missouri a Amurka ya fara amfani da kalmar handpan a 2007, kuma ita ce ta zama sunan kowace ganga mai wannan siffa. Yawancin maƙerun ba su wuce mutum ɗaya zuwa biyar ba. Jarinsu ya haɗa da tanda da gudumomi da ɗaki mai hana ƙara fita, sa'an nan suna samun ƙarin kuɗin shiga daga sake saita gangunan da amonsu ya karkata da kuma sayar da jakunkunan ɗaukar su. Babbar barazana gare su ita ce ganguna masu araha da masana'antu ke fitarwa da yawa, musamman daga ƙasar Sin.

Batun haƙƙin mallaka shi ma ya taso. A 2020 PANArt ta fara aika wa masu ƙera da dillalai takardun gargaɗi, tana mai cewa siffar Hang aikin fasaha ne da doka ta kare. Wasu daga Jamus da Holland da Suwizalan suka haɗu suka shigar da ƙara a Bern, suna masu cewa amon da ake nema shi ne ya tilasta siffar, don haka bai kamata wani ya mallake ta shi kaɗai ba. A 2024 kotun kasuwanci ta Bern ta yanke hukuncin cewa siffar Hang tana ƙarƙashin kariyar dokar haƙƙin mallaka.