Lanƙwashewar mazakuta: Yadda likitoci ke magance ta

Lanƙwashewar mazakuta mai tafe da zafi na daga cikin larurorin da maza ke ɓoyewa saboda kunya, duk da cewa tana iya hana magidanci saduwa da iyalinsa.

A yankin Maigatari da Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar na jihar Jigawa, masu tallar maganin ƙarfin maza a kasuwanni irin ta Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis, sun fi likitan mafitsara kusa da mai larurar.

Sai dai babu jiƙo ko man shafawa da aka tabbatar yana miƙar da gaban.

Likitoci na kiran larurar ciwon Peyronie, sunan wani likitan fiɗa na Faransa da ya yi bayaninta a 1743.

Tana faruwa ne idan tabo mai tauri ya fito a tantanin da ya lulluɓe cikin mazakuta, galibi bayan ƙaramin rauni lokacin saduwa. Wurin tabon ba ya buɗewa, shi ya sa gaban ke karkata idan ya tashi.

Ba sankara ba ce, ba a kuma ɗaukarta daga mace. An fi ganinta ga waɗanda suka haura shekara 40 da masu ciwon sukari.

Maganin da ake bayarwa ya danganta da matakin da larurar ke ciki.

A matakin farko, wanda kan kai wata 12 zuwa 18, ana jin zafi, lanƙwasar kuma na ƙaruwa. A nan likita kan ba da maganin rage zafi irin su ibuprofen, wani lokaci da na'urar da ke jan gaban a hankali. Zafin kan gushe da kansa, amma da wuya lanƙwasar ta warware.

Idan lanƙwasar ta daina ƙaruwa, ana iya yin allura a cikin tabon. A 2013 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da allurar Xiaflex mai narkar da tabo, sai dai tana da tsada matuƙa.

Tiyata ita ce ta fi miƙar da gaban, amma ba a yinta sai larurar ta shekara, lanƙwasar kuma ta yi aƙalla wata 3 zuwa 6 ba ta sauya ba.

Likita kan tsuke ɓangaren da ya fi tsawo, abin da ke rage tsawon gaban, ko ya tsaga tabon ya yi faci, wanda ke iya raunana tashinsa. Wanda gabansa ya daina tashi ana iya dasa masa roba a ciki.

Mai larurar na iya farawa da babban asibitin Gumel, inda za a auna sukarinsa, a kuma tura shi wurin likitocin mafitsara a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Abubakar Imam da ke Kano.